Malama Hassana da Tulun Innata

Ranar Alhamis da hantsi labarin ya same ni a wurin aiki. Ina sanye da farar riga da safar hannu, ina jera kwalaben gwaji, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Inna ce, mahaifiyata. Inna ba ta kirana a lokacin aiki, tana cewa kada oga ya ɗauke ni marar natsuwa, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Rukayya, Malamarki ta cika. Yanzu aka aiko." Na ce wace Malama, alhali na sani sarai, domin a gidanmu mutum ɗaya ake kira Malama ba tare da an ƙara suna ba. Inna ta ce, "Malama Hassana. Sai haƙuri." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na cire safar, na nemi izini, na faɗa danfo, motar haya. Cunkoson hanya ya riƙe mu har bayan azahar, kuma da na isa Agege maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa.

Malama Hassana haifaffiyar Agege ce. Kakanta fataucin goro ya kawo shi Ikko, ya zauna bai koma ba. Yarabanci a bakinta kamar ba ta da wani harshe, amma idan ta juya Hausa sai ka rantse jiya ta sauka daga motar Kano. Ta koyar da ilimin halittu da na sinadarai a makarantar sakandaren da ke bayan kasuwa har ta yi ritaya. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta rabuwa da wata baƙar jaka da ta ƙoɗe, wadda muka yi imani babu abin da babu a cikinta. Ba ta duka, ba ta zagi. Idan ka ba da amsar banza sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "To, madalla. Sai dai ba a wannan duniyar ba."

Ina aji biyar ta koya mana furotin, kuma har yau ban manta da wannan rana ba. Ta shigo aji da risho da ƙaramin kasko da ƙwai biyu, muka fara murna muna zaton ci za a yi. Ta ajiye su a gefe, ta zaro wani dogon carbi da ta shirya da kanta, duwatsunsa launi-launi. Ta ce kowane dutse a nan shi ne amino asid, iri ashirin ne, kuma jiki yana jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin kowace ƙwayar halitta, bisa tsarin da mutum ya gada daga iyayensa. Sannan ta tattara carbin a tafin hannunta, ta naɗe shi, ta lanƙwasa nan, ta cusa can, har ya zama dunƙule mai ɗan rami a gefe. Ta ce, "Yanzu ne ya zama ma'aikaci. A miƙe, igiya ce kawai. Furotin da naɗinsa yake aiki." Ta ce wani naɗin yana ɗaukar iska a cikin jini ya kai ta har ɗan yatsan ƙafa, wani yana narkar da tuwon da muka ci, wani ya zama gashi da farce, wani kuma ɗan aike ne da ke ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar halitta ya ce a buɗe.

Daga nan ta kunna risho, ta fasa ƙwai a kasko. Muna kallo ruwan nan mai yauƙi ya koma fari, ya sandare. Ta ce duwatsun carbin suna nan, babu wanda ya ɓace, naɗin ne zafi ya warware, suka sarƙe da juna. Ta dubi ajin ta ce, "Wa zai mayar mini da shi ɗanye? Ina da kyauta." Wani da ke bayan aji ya ce shi dai a ba shi ya cinye, ya yafe kyautar. Malama ta yi dariya har da share ido, ta miƙa masa kaskon. Na rubuta komai a littafi da kyakkyawan rubutu, na ja layi da jan biro, na ci jarrabawa da maki mai kyau. Abin da ban yi ba shi ne in gane cewa darasin nan yana da alaƙa da ɗakinmu.

A shekarar ce likita ya ce ciwon sugan Inna ya wuce ƙwaya, sai allura. Mahaifinmu ya riga ya rasu, daga ni sai ita a ɗaki ɗaya, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Aka ba mu 'yar kwalba ta insulin, ba ta kai babban yatsa ba, aka ce safe da yamma, kuma a ajiye a wuri mai sanyi. Rayuwar Inna gaba ɗaya ta koma cikin wannan kwalba. Ba mu da firij, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Amma a gidanmu akwai Iya Basira, Bayarabiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da babbar firiza da janareto. A unguwarmu duk wanda ya sami abin da yake tsoron ya lalace, naman layya ne ko miyar biki, firizar mai ƙanƙara ake kai wa. Haka kowa yake yi, haka na taso na gani. Na naɗe kwalbar a leda na kai mata, na ce ta sa mini a can ƙasa inda ya fi sanyi. Ta ce, "No wahala, 'yata, zan sa shi ƙarƙashin ƙanƙara, ko wuta ta tafi ba zai ji ba." Ni kuwa na koma ɗaki ina jin na yi dabara. Kullum sai in ɗauko kwalbar a daskare, in dumtse ta a hannu har ta narke, in yi wa Inna allura, in mayar.

Kwanaki kaɗan Inna ta fara zubewa. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ba iyaka, ta rame, idanunta suka faɗa. Da ta tashi sai jiri ya mayar da ita. 'Yan dubiya suka cika ɗaki, kowa da fatawarsa. Wasu suka ce maganin jabu ne, wasu suka ce a bincika ko da hannun mutum a ciki. Kawu Sale, yayan Inna, ya zo daga Apapa inda yake tuƙin tankar mai, ya tsaya a bakin ƙofa ya yanke hukunci: "Tun da aka fara huda ta take lalacewa. A daina allurar nan, a dafa mata shuwaka." Maganar Kawu a gidanmu ba a mayar da ita. Na daina zuwa makaranta, ina zaune ina kallon mahaifiyata tana tafiya a hankali, ban san ni ce nake tura ta ba.

Kwana uku Malama ba ta gan ni a aji ba, ran na huɗu sai ga ta da baƙar jakarta. Ta gaida Inna, ta gaida Kawu, ta saurari bayanin kowa ba ta katse ba. Sannan ta ce, "Rukayya, kawo mini maganin in gani." Na ruga wurin Iya Basira na dawo da shi, ya daskare kamar dutse. Da ta karɓa sai na ga fuskarta ta canja. Ta jira ya narke, ta mirgina kwalbar a hankali tsakanin tafukanta, ta fita tsakar gida ta ɗaga ta sama wajen haske. Ta yafito ni. Ta ce, "Me kika gani?" Na ga wasu 'yan gudaji farare suna yawo, wasu sun manne a jikin gilashin. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Insulin furotin ne, 'yata. Shi ne ɗan aiken da na gaya muku, mai cewa a buɗe ƙofa suga ya shiga. Abin da zafi ya yi wa ƙwan nan, ƙanƙara ma tana yi. Wannan ya riga ya mutu." Na tuna jan layin da na ja a littafi, na fashe da kuka.

Abin da ta yi bayan haka shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Ta koma ɗaki, Kawu ya ce, "To Malama, wa ya yi wannan aika-aikar?" Ina tsaye a bayanta ina jiran a nuna ni. Ta ce, "Alhaji, an ce musu wuri mai sanyi, ba a ce musu kada ya daskare ba. Yarinya ta nemi sanyin da ya fi kowane ta ba uwarta. Laifin namu ne, mu da muka sani ba mu faɗa da Hausa ba." Kawu ya ce shi har yanzu bai ga dalilin huda mutum kullum ba, in maganin kirki ne a ba ta ta sha mana. Malama ta ce, "In ta sha, cikinta zai ɗauke shi kamar tsiren da ka ci jiya, ya yanka shi gunduwa-gunduwa. Ciki bai san magani ba, nama ya sani." Kawu ya shafa gemu, ya ce, "Ashe." A ranar ta sa aka ɗauki Inna zuwa asibiti, ita da kanta ta tare mota, kuma ba ta bar wurin ba sai da aka ba Inna gado. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da labarin ya zama wani. Iya Basira ta zo tana kuka tana cewa da ta sani, Malama ta rarrashe ta da Yarabanci har ta yi murmushi.

Ranar da aka sallamo Inna, mun tarar da Malama a ƙofar ɗakinmu da kaya. Ta sayo wata 'yar randa mai faɗin baki da ƙaramin tulu. Ta zuba yashi a randar, ta zaunar da tulun a tsakiya, ta cike gefe da yashi, ta jiƙa shi da ruwa, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ajiye a lungun da iska ke ratsawa, rana ba ta kaiwa. Ta ce muddin yashin yana da danshi, cikin tulun zai yi sanyin da ya isa, kuma wannan firij ɗin ba ruwansa da ɗauke wuta. Ta kafa mana dokoki uku. Kada yashi ya bushe. Kafin allura a ɗaga kwalba a duba a haske. Ranar da aka buɗe sabuwa a rubuta a jikinta, in ta cika sati huɗu a jefar ko da saura. Inna ta ce jefar da magani ai almubazzaranci ne. Malama ta ce, "Yaya, kwalba ce za ki jefar. Maganin ya riga ki tafiya."

Saboda wannan rana na karanta ilimin sinadaran jiki a jami'a. Yau aikina ke nan, a ɗakin gwaji na wani kamfanin magunguna, ina auna ko furotin yana nan da naɗinsa ko ya lalace. Injinan da nake aiki da su Malama ba ta taɓa ganin irinsu ba. Da na gaya mata sai ta ce, "Madalla. Amma idonki ya fi su, don shi yana zuwa gida." Na yi dariya, na ɗauka irin barkwancinta ne.

Ga inda nake jin kunyar faɗa, amma zan faɗa. Da na yi aure na koma wajen Apapa, zuwana Agege ya ja baya. Da farko duk mako, daga baya duk wata, daga baya sai da dalili. Hanya ce, aiki ne, yara ne, uzuri dai ba ya ƙare wa mai nemansa. Ina aika wa Inna magani a kan lokaci, ina kira kullum, na ɗauka na sauke nauyi. Na saya mata firij, ta ce ita ba ta yarda da abin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba, ta ci gaba da tulunta, firij ɗin ya zama ma'ajiyar kwanuka. Na san idanun Inna sun yi rauni, har ba ta gane fuska sai an matso. Duk da haka ban taɓa tambayar kaina yadda mai irin wannan ido take ganin gudaji a cikin 'yar kwalba ba. In na zo na ga yashi a jiƙe, sai in ce Inna akwai ƙoƙari. Sau ɗaya a wajen wani suna Malama ta riƙe hannuna ta ce, "Rukayya, ki riƙa leƙa tulun nan." Na ce, "In sha Allahu, Malama." Ban leƙa ba. Ko da na ji an kwantar da ita a asibiti, na ce sai ƙarshen mako in je dubiya, ƙarshen makon ya zo ya wuce.

Ranar Asabar aka yi sadakar uku. Gidan Malama ya cika har waje, tsofaffin ɗalibanta, matan unguwa, Hausawa da Yarabawa, kowa da abin da yake tunawa. Wata ta ce ita Malama ta raka gwajin jini kafin aure. Wani tsoho mai gadi a Ikeja ya ce shi ma akwai irin tulun nan a ɗakinsa. Ina shirin tafiya sai Nafisa, babbar 'yar Malama, ta ja ni gefe. Ta ce, "Anti Rukayya, akwai saƙonki. Ranar Laraba da yamma Mama ta ɗan farfaɗo, ta ce in gaya miki. Ni ban gane ba, na ma ɗauka zafin ciwo ne." Na ce me ta ce. Nafisa ta ce, "Cewa ta yi, a gaya wa Rukayya ta Yaya za ta cika sati huɗu ranar Asabar, kuma jan farcen yana cikin jakata."

Ban san yadda na isa gidanmu ba. Na tarar da Inna zaune a bakin ƙofa bayan la'asar, ta jawo randar kusa da ita, ta ajiye kujera ɗaya a gefe babu kowa a kai. Na durƙusa na taɓa yashin, ya bushe ƙamas. Na ɗaga tsumman na zaro kwalbar. A jikinta akwai kwanan wata da rubutun nan mai karkata da na sani tun ina aji biyar. A cikin gwangwanin allurai kuwa, kowane sirinji an ɗiga masa jan farce daidai layin da likita ya ce, yadda ko mai raunin ido zai gani. Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun da idona ya tafi. Duk Asabar bayan la'asar. Ta jiƙa yashi, ta duba kwalba, ta sa mini ja, mu sha hira ta tafi. Ko ruwa ake yi sai ta zo." Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Inna ta ce, "Ita ta hana. Ta ce kina can kina duba na jama'a, a bar ki. Ta ce ranar da ta gaza za ta gaya miki da kanta." Sai ta juya fuskarta wajen kujerar nan, ta ce, "Ga shi kuwa ta gaya miki."

Na fita tsakar gida, na mirgina kwalbar a tafukana, na ɗaga ta wajen haske. Hawaye ya hana ni gani, sai da na share har sau uku. Asabar biyu Malama tana kwance, babu wanda ya jiƙa yashi, kuma ga 'yan gudaji sun fara mannewa a gilashin. Shekaruna nawa ina auna maganin mutanen da ban sani ba, na mahaifiyata kuwa wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ce take takowa ta duba mini, ba ta taɓa yi mini gori ba. Na jefar da kwalbar, na buɗe sabuwa, na rubuta kwanan wata da hannuna. Na ɗebo ruwa na jiƙa yashin. Sannan na zauna a kujerar, Inna ta laluba ta kama hannuna, muka yi kukan da ba mu yi ba ranar Alhamis.

Nafisa ta ba ni kwalbar jan farcen, da carbin nan mai launi-launi da aka samu a ƙasan jakar. Asabar ta zama tawa yanzu, komai cunkoson hanya. Na roƙi Nafisa ta tambayar mini sauran gidajen da ke da tulu, domin na tabbata ba Inna kaɗai ke ajiye kujera ba. Ban samu na ce mata na gode ba, ban samu na nemi gafararta ba, kuma wannan zai zauna mini a rai har in bi ta.

Ya Allah, baiwarKa Hassana ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini ranar da nake tsaye a bayanta ina jiran a nuna ni. Ka sa kowane taku da ta yi zuwa ƙofar Inna ya zama haske a kabarinta, ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana. Ka ba maigidanta da Nafisa da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ka tsare musu bayansu, Ka haɗa kansu. Ka ba Innata lafiya da juriya, ni kuma Ka ba ni ikon riƙe abin da aka bar mini. Ya Allah, shekara da shekaru tana jiƙa yashi don kada zafi ya taɓa abin da ran mahaifiyata ya rataya a kai. Yau ita ce a cikin ƙasa. Ka sanyaya mata makwanci. Amin.